Ranar da Ƙasimu Akanta Ya Rufe Shekara

Duk wanda ya san ƙauyukan Jajaye ya san Ƙasimu Akanta, in ma bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa, don mutum ne da ba ya yin abu bai faɗa ba, wanda bai yi ba ma yakan faɗa. Akantancin nan kuwa ba a makaranta ya samo shi ba. Cin rani ya taɓa zuwa Kano, ya zauna a rumfar wani mai cajin waya yana karɓar wayoyi yana ba da lamba. Da damina ta faɗi ya dawo gida da faifan sola guda, da babbar waya mai tsagaggen gilashi, da bakin da ya ninka wanda ya tafi da shi. A cikin wayar akwai wata manhaja ta lissafi, wadda mutum ke rubuta abin da ya samu da abin da ya kashe da abin da ya mallaka. Tun daga nan Ƙasimu bai ƙara sayen goro ba tare da ya sanar da waya ba. 'Yan majalisar gindin darbejiya suka laƙaba masa Akanta don tsokana, shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta a jikin rumfar cajinsa.

Shekarar da abin ya faru, matarsa Nuriyya na da cikin fari, aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta a Daura ta Karaye don ta haihu a can. Kafin ta tafi, yayanta Hamma Sulle, makiyayin da bai san wasa ba, ya kawo farin rago da shuɗin zare a wuya, ya ce wannan na suna ne, a kula masa da shi. Nuriyya ta sayi buhun dusa ta jingine a zaure, ta yi ta nanata wa mijinta safe da yamma, safe da yamma. Ƙasimu ya ce ta daina raina masa hankali, mutumin da ke riƙe da lissafin duniya a aljihu ba rago ɗaya ne zai gagare shi ba. Nan take a gabanta ya shigar da dusar cikin manhaja, ya danna wurin da ke sa abu ya riƙa maimaita kansa kullum.

Daga ranar, kowace safiya wayar kan yi ƙara ta rubuto: “Dusar rago: an bayar.” Ƙasimu ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ya sa hularsa ya tafi rumfa. Rago dai ya yi kuka har ya gaji, daga baya ya gano inda ruwan damina ya zubar da katangar da ta raba gidan da na Goggo Adawiyya, ƙanwar mahaifin Ƙasimu, ya riƙa bi ta nan da safe yana dawowa kwana. Sai ga rago yana ta sheƙi yana ajiye wuya. In Nuriyya ta bugo ta tambaya ko ya ci, Ƙasimu ya ce ya ci har an rubuta.

Aka wayi gari ta sauka lafiya, mace. Ka san a al'ada uba kan riƙe suna a ransa sai ranar raɗi, to ban da Ƙasimu. Kafin azahar ko mai facin babur ya san yarinya Bahijja za a sa mata. Goggo Adawiyya, wadda ita ta goya shi a bayanta bayan rasuwar uwarsa, kuma ta daɗe tana sa ran takwara, ta leƙo ta ɓaragurbin katanga ta tambaye shi ko sunayen gidan sun ƙare ne. Ya ce ba su ƙare ba, sun dai tsufa. Ta ce to Allah ya raya, ta koma ciki, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Ana gobe suna, wanda ya yi daidai da ranar ƙarshe ta shekarar Bature, manhaja ta aiko da saƙo: shekara ta ƙare, a rufe ta, a tura tsofaffin bayanai ma'ajiya a kulle, a buɗe sabuwa da farin shafi. Ƙasimu ya karanta ya sake karantawa, sai ya ji abin ya yi masa girma a ce shi kaɗai zai more. Ya fita da sassafe ya sami majalisa ana shan koko.

To, a ƙauyen in an gama kaka akan saki dabbobi su yi yawonsu, kuma kowane gida na da shaidarsa. Wata ta ɗaura wa awakinta yankin tsohuwar atamfa, wata baƙin tsumma, wata igiyar rama da ƙulli biyu. Awakin kuwa duk jajaye ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan shaida ita Ƙasimu ya tsaya a gaban dattawa ya kira tsohon bayani. Ya ce abin kunya ne gari kamar nasu ya shiga sabuwar shekara da tsummokaran bara a wuya. Za a tara dabbobin unguwa, ya ɗauki hoton kowace, ya shigar da ita manhaja da sunan mai ita, a yanke tsumma a kai ma'ajiya. Daga nan ko a kasuwar Rogo aka ga akuyar sata, waya ce za ta ba da shaida. Da ya ga fuskoki ba su saki ba, sai ya ƙara da cewa duk gidan da ya shiga tsari, caji kyauta har wata ya mutu.

Mai unguwa Abdulsalami, wanda batirin wayarsa ba ya kai azahar, shi ya fara cewa yaron nan fa akwai basira. Sauran suka bi. Babu wanda ya tuna cewa a cikin su duka babu mai ko ɗan akuya, dabbobin na matansu ne, kuma babu wanda ya shiga gida ya yi shawara.

Aka kora dabbobi cikin wani shingen kara a bayan rumfa. Ƙasimu ya naɗe hannun riga, ya ce shugaba shi ke fara gwada abu a kansa, ya jawo ragon suna ya datse shuɗin zaren Hamma Sulle da reza. Sannan aka shiga ɗaukar hoto. Akuya kuwa ba ta san hoto ba. Ta farko ya sami wutsiya, ta biyu kunne ɗaya da ƙafar Mai unguwa, ta uku ta matso ta lashe gilashin har hoton ya fito kamar an shafa masa koko. Wani bunsuru ya zagayo ta baya ya kama igiyar cajin da ke leƙe a aljihu ya tauna rabi. Ba a yi nisa ba manhaja ta ce hotunan kyauta sun ƙare, sai ya koma ɗaukarsu a jimla, ya kuma bi su da alli yana rubuta lamba a haƙarƙari. Yana rubutawa suna zuwa jikin kara suna sosawa.

Yana cikin wannan fama Goggo Adawiyya ta iso da sandarta, ta tsaya ta ƙare wa shingen kallo.

“Kai Ƙasimu, wa ya mutu ake rabon gado?”

“Goggo ba gado ba ne, tsari ne.”

“Tsarin ne ake tuɓe wa akuya ɗan abin da ta rufa asiri da shi?”

“Yanzu asirinta yana cikin waya.”

“Wayar da jiya ka ɗaga ta sama kana zagaya gida kamar mai neman wata?”

Ya ce wannan matsalar sabis ce, ba ta shafi ilimi ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta nemi inuwa ta zauna, ta ce yau ba ta da aikin da ya fi kallo.

Tsummokara suka taru tuli. Ƙasimu ya aika aka ɗauko buhun dusar da Nuriyya ta bari, ya ɗan yi mamakin ganin ko ɗinkin bakinsa ba a farke ba, amma ya ce albarkar tsari ke nan, abu na ci ba ya ƙarewa. Ya farke, ya danna tsummokaran a kan dusar, ya ɗaure, ya rubuta MA'AJIYA a jiki da gawayi, ya jingine shi a kusurwar shinge.

Bayan azahar aka taru a gindin darbejiya don rufe shekara. Ƙasimu ya hau benci, ya yi jawabin da ba wanda ya roƙe shi, ya ce jikoki za su ba da labarin wannan rana, kuma a nan dai bai yi ƙarya ba. Manhaja ta nemi lambar sirrin da za ta kulle ma'ajiya. Ya haɗa lambar babur ɗinsa da sunan kakansa a juye da wasu alamomi da shi kansa bai san sunansu ba. Mai unguwa ya ce da ya rubuta a takarda. Ya ce takarda ai kayan bara ce, kansa ya fi kowace takarda. Ya yi bisimilla ya danna.

Shafi ya fito fari fat. Ya ɗaga wa jama'a suka gani, aka yi ta ma sha Allah. Sai Mai unguwa ya ce to a nuna masa akuyar maiɗakinsa a sabuwar shekara, ya je ya ba ta labari.

Ƙasimu ya shafa sama, babu. Ya shafa ƙasa, babu. Sannan abin ya faɗo masa: duk dabbobin yau ya shigar da su, yau ɗin kuwa tana cikin shekarar da ya rufe. Awaki da tumaki da ragon suna, duk sun bi tsofaffin bayanai an kulle. Amma bakin gogan bai mutu ba. Ya ce suna nan lafiya lau, buɗe ma'ajiya ne kawai ke son sabis mai ƙarfi, ya tattare riga ya haye darbejiya.

Can a sama ya sa lambar babur da sunan kaka, manhaja ta ce ba haka ba. Ya juya kakan ta ɗaya gefen, ta ce ba haka ba. Ya sa kakan wajen uwa, ta ce ya yi kuskure da yawa, ya dawo bayan mako. Yana ɗaga kai don ya nemi abin da zai faɗa wa na ƙasa, idonsa ya sauka cikin shinge. Awaki sun ji ƙanshin dusa sun kayar da ma'ajiya sun farke ta, kowace da tsumma a baki tana tauna. Ya ga baƙin tsumman Goggo na shigewa bakin bunsuru a hankali. Ya yunƙura zai sauko, reshe ya riƙe masa riga ta baya, ya tsaya yana lilo yana kiran a kore su. Kafin a gane me yake nufi a sauko da shi, ko zare bai rage ba.

Ana wata ga wata. Labari ya shiga gidaje, tsofaffi suka fito da mayafai a kafaɗa, masu aure suka tsaya a bakin zaure da kan katanga suna aiko da tasu. Kada ka ɗauka matan ba su san awakinsu ba ne, sun san su sarai. Amma shaida ta shige cikin bunsuru, kuma kowace ta duba ta ga ta maƙwabciya ta fi ƙiba. Talatu mai ƙosai ta dafa wata akuya mai tsohon ciki ta ce tata ce, a ɗakinta aka haife ta. Maiɗakin Mai unguwa ta aiko daga soro cewa in Talatu ba ta ɗauke hannu ba za a ji su har Karaye. Akwai wata ramammiya mai ƙazuwa, ita kam ta yi ta zagaye babu wanda ya taɓa ganinta a duniya. Fararen raguna uku ne a shingen, gida uku kuma kowanne ya ce mai ƙibar nan ne nasa. Mai ƙibar kuwa shi ne na suna. Mazan da suka amince da tsari da safe, ɗaya bayan ɗaya suka tuna ba su yi alwalar la'asar ba.

Daidai nan babur ya tsaya, Hamma Sulle ya sauko, ya zo kwana don suna. Aka gaisa, ya gida, ya iyali, ya shanu, ya mai jego, ya jaririya, an zo lafiya. Ƙasimu ya ja gaisuwar nan har ya tambayi lafiyar babur. Da ta ƙare duk da haka, Hamma Sulle ya ce ina ragonsa. Ƙasimu ya ce yana cikin tsari. Hamma Sulle ya dubi matan da ke jan ragon ta ƙaho da ta wutsiya, ya dubi wuyan da babu shuɗin zare, ya gyara riƙon sandarsa. Ƙasimu ya ga abin ya wuce wasa, don gobe da safe liman zai zo, dangin Nuriyya za su zo, kuma ba a raɗa suna da hoton wutsiya.

Rana ta yi sanyi, lokacin da kowace dabba ke komawa gida. Awakin da suka ƙoshi da dusa da atamfa suka jingina da shingen kara, shinge ya kwanta, suka fito. Babu wadda ta tambayi kowa hanya. Mai tsohon ciki ta fizge daga hannun Talatu ta miƙe sai gidan Mai unguwa. Wasu suka yi gabas, wasu suka bi lungun masallaci, kowace ta shige zaurenta. Mai ƙazuwar nan ta taho a hankali ta goga kanta a zanen Talatu, ta tsaya tana jiranta su tafi. Talatu ta ce ita ba ta san ta ba, ta juya, akuya ta bi ta har gida ana dariya.

Mai hankali da sai ya yi shiru ya gode wa Allah. Ƙasimu ya sake hayewa benci. Ya ce ai wannan shi ne mataki na ƙarshe na tsarin, da ma bai faɗa ba ne don kada a yi maguɗi. Ya ce daga yau doka ce, duk gidan da dabba ta shiga da ƙafarta, ta gidan ce, babu ƙorafi babu ɗaukaka ƙara. Ya sa Mai unguwa ya maimaita, ya sa jama'a suka shaida.

“Ko ni na zo da ƙorafi,” in ji shi, yana dukan ƙirji, “kada a saurare ni.”

Ragon suna ne ya fito ƙarshe, yana tafe yana rangaji. Ƙasimu ya diro ya ruga ya buɗe ƙofar gidansa, ya tsaya a gefe yana murmushi yana kallon Hamma Sulle. Rago ya zo daidai ƙofar, ko waiwaye bai yi ba, ya wuce ya shige zauren Goggo Adawiyya. Ƙasimu ya yi masa fito, ya kira shi da sunaye masu daɗi, ya ce hanya ce ta ɓace masa don yau an gaji. Rago ya leƙo, ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya koma.

Goggo ta tashi daga inuwarta ta kakkaɓe zane. Ta gaya wa jama'a cewa tun da Nuriyya ta tafi bawan Allahn nan ke shigo mata yana kuka, ita ke ba shi dusa da harawa, har kwanon kansa gare shi a gindin murhu. Ƙasimu ya ce ba zai yiwu ba, kullum ana ba shi, a rubuce yake. Ya zaro waya zai nuna, ya tarar da farin shafi.

Hamma Sulle ya yi magana a hankali: “Wayar ce ke zuba masa, ko kai?”

Ƙasimu ya mayar da wayar aljihu. Ya juya wajen Mai unguwa, Mai unguwa ya ce an hana shi sauraro, kuma wanda ya hana ɗin yana tsaye. Baki dai shi ke yanka wuya.

Kasuwa ba ta ci sai bayan suna, ko da ma ta ci, ba wanda zai sayar masa da ragon Hamma Sulle. Bayan magariba Ƙasimu ya cire hula ya shiga gidan Goggo ta ƙofa, ya durƙusa. Ya tuna mata zumunci, ya tuna mata goyo, ya yi alkawarin gyara katanga da caji kyauta har abada. Ta ce ba ta da waya. Ya ce to ta dubi girman Allah ta rufa masa asiri, kunya za ta kashe shi a gaban surukai. Ta bar shi ya durƙusa har ƙafarsa ta yi tsami, rago na cin harawa a gefensu.

“Zan bayar,” in ji ta. “Amma ragon gidana tsohon yayi ne, ba ya faɗuwa a kan sunan zamani.”

Ƙasimu ya ce ai ya riga ya gaya wa duk gari, har ya shigar da Bahijja cikin manhaja. Goggo ta tambaye shi a wace shekara ya shigar. Ya tashi ya ja rago ya fita.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Liman ya matso ya tambayi uba suna, Ƙasimu ya raɗa masa a kunne da muryar da ko liman sai da ya ce ya maimaita. Aka kayar da rago aka yanka, aka yi fatiha, sanƙira ya miƙe ya shelanta cewa yarinya ta ci sunan Adawiyya. Daga bayan katanga guɗa ta tashi, kowa ya san muryar wace ce.

Mahauci ya fara fiɗa ke nan, jama'a sun yi tsit ana jiran addu'ar tashi, sai wayar Ƙasimu ta yi ƙara a aljihu. Ya dafe ta, amma Mai unguwa ya ce a duba, ƙila ma'ajiya ce ta buɗe. Mai unguwa ya karɓa ya nisanta ta da idonsa ya karanta wa jama'a. Abu ɗaya ne tak ya tsallako sabuwar shekara, yana zaune shi kaɗai a kan farin shafi: “Dusar rago: an bayar.”

Goggo Adawiyya ta leƙo ta ɓaragurbin katanga.

“To alhamdu lillahi,” in ji ta. “Ya tafi a ƙoshe.”